Baba Birkila da Layi na Bakwai

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na shekarar 2013, da ƙarfe goma da kwata na safe, na fara ganin Baba Birkila. Na san lokacin ne domin ina da littafin da nake rubuta duk wanda ya zauna a gaban teburina: ranar, lokacin, abin da ya kawo shi da abin da na gaya masa. Ba ofis ne ya sa ni ba. Ni na ɗora wa kaina, tun shekarar da wani mutum ya kafe cewa na faɗa masa maganar da ban faɗa ba.

Aikina a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa ne, tebur na uku daga ƙofa, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ni ke kula da waɗanda suka makara, wato mutanen da ba a yi musu rajista suna jarirai ba sai da suka girma buƙata ta taso. Irin wannan rajista ba ta yiwuwa sai uba ko uwa ko mariƙi ya zo ya yi rantsuwa, kuma ni nake rantsarwa.

Ya shigo ne tare da wata yarinya mai shekara sha takwas. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, zai kai sittin, rigarsa ta sha guga amma takalminsa fari fat da siminti. Bai zauna ba sai da na ce ya zauna. Yarinyar, wadda yake kira Auta, ta ajiye takardunta a gabana a jere. Ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, an ba ta gurbi, da sharaɗin ta kai takardar shaidar haihuwa kafin ƙarfe huɗu na yammacin talatin ga Afrilu. In ba ta kai ba, gurbin na mai bi mata ne. Na ƙirga, mako bakwai cif. Aikin da a ƙa'ida kwana uku yake ɗauka.

Na jawo fom na fara cikewa. Komai ya tafi daidai har na iso layi na bakwai.

"Sunan uba," na ce.

"Dogo."

"Dogo wa?"

"Dogo kawai."

Na duba takardun makarantar yarinyar. Tun daga firamare, sunan da ke bayan nata shi ne sunan da dattijon ya ba ni a matsayin nasa. Na nuna masa da biro.

"Wannan aikin matata ne," in ji shi. "Ita ta kai ta makaranta, ina wurin aiki. Ni riƙo na yi."

Ga abin da ya gaya mini, kamar yadda na rubuta a ranar. Dogo lebura ne, ya yi shekara uku yana kwaɓa masa siminti. Daga nesa ya zo, ba wanda ya tambaye shi daga ina takamaimai, domin a wurin gini ba a tambayar mutum garinsu, ƙarfinsa ake dubawa. Ya kama ɗaki a gidan hayar da Baba Birkila yake ciki, ya kawo matarsa, 'yan gida suka kira ta Amarya, sunan ya bi ta. Ta haihu, aka ci gaba da ce mata Amarya. Jaririyar na da wata huɗu zazzaɓi ya kwantar da Dogo, kwana huɗu ya rasu. Bayan wata bakwai tari ya tafi da Amarya. Sai a ranar jana'izarta 'yan gidan suka kalli juna, suka gane ba wanda ya san sunan yankanta, balle na mahaifin mijinta. An ba direbobin manyan motoci saƙo ta ɓangaren da Dogo ya taɓa cewa ya fito, ba wanda ya zo. Matar Baba Birkila ta goya yarinyar. Suna da 'ya'ya maza uku manya, wannan ta zama Auta.

A nan na yi abin da muke yi a ofis. Na ajiye biro, na kalli taga, na ce, "Baba, fanka na ƙara, ban ji abin da ka ce ba sosai. Ka fita ka sha iska, ka dawo mu fara daga farko."

"Ba zafi nake ji ba," in ji shi.

Na fito masa a fili. Takardunta duka da sunansa suke. Ya sa sunansa a layi na bakwai, ya ɗora hannu, ranar Juma'a ta karɓi takardarta. Ba wanda aka cuta.

"In ɗora hannu a kan Alƙur'ani in ce ni na haife ta?"

"Ba dole sai da Alƙur'ani ba. Doka ta yarda mutum ya ɗaga hannu kawai ya ce ya tabbatar. Sai in sa littafin a durowa."

Ya dube ni ya ce, "Malam Akawu, in ka sa littafin a durowa, Mai littafin fita yake daga ɗakin?"

Hajiya mai kwamfuta, wadda teburinta ke jikin nawa, ta yi dariya. Ita ke shigar da duk fom ɗin da na gama. Ta ce, "Baba, dubi bencin nan. Rabinsu ɗaya ga Janairu aka haife su, kowa ya rantse, kuma ba wanda ƙasa ta haɗiye."

"Tukuna dai, 'yata," in ji shi.

Na kawo hanya ta biyu. Fom ya yarda a rubuta "ba a sani ba" a gurbin uba. A nan ne kaɗai na ga fuskarsa ta canza a ranar.

"Na san shi. Shekara uku muna cin abinci kwano ɗaya. Da hannuna na sa shi a kabari. Ka rubuta ba a san ubanta ba, ka san sunan da mutane za su kira ta da shi?"

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da suke a gyare.

"To ka rubuta Dogo mana," ya ce. "Shi ne gaskiya."

Na bayyana masa cewa kwamfuta ba ta karɓar suna ɗaya. Sai suna biyu da lambar katin shaida, in ba haka ba sai da umarnin kotu. Ya tambaya ko ni ba zan iya rubutawa da hannu in buga hatimi ba. Na ce ƙa'ida ta hana, in aka gano aikina ne zai tafi.

"Wato kai ka ƙi don tsoron doka, sunansa ƙa'ida. Ni na ƙi don tsoron Allah, sunansa taurin kai."

A littafina na rubuta labarin yadda ya faɗa, na ƙara da cewa an ɗage.

Ba na bin mutane gida. Amma ranar haihuwar ma tana buƙatar hujja, kuma ya ce yana da ita, sai dai ba ta ɗaukuwa. Ranar Asabar da hantsi na je. Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha biyu kewaye da tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ta ratsa daga bango zuwa bango. Ɗaki biyu yake riƙe da su a ƙarshen layi. Kafin in zauna ya kai ni ƙofar ɗaki na huɗu, inda wani tela ke haya yanzu, ya durƙusa ya share dokin ƙofa da tafin hannu. A jikin simintin an zana da ƙusa: 6-11-94. Al'adarsa ce, duk aikin da ya gama sai ya rubuta rana kafin siminti ya bushe. A ranar yana gyara wa Dogo dokin ƙofa naƙuda ta kama Amarya, mata suka kore su waje, kafin magariba aka ji kukan jariri. Na kwafi lambobin. A shekara ashirin da biyu da na yi a ofis ban taɓa samun ranar haihuwar da na yarda da ita kamar wannan ba.

Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki. Doguwa ce, mai magana da sauri, kuma na lura ta daɗe tana jiran baƙon da za ta kai wa ƙara.

"Ɗana, ka ga mutumin nan? Shekara arba'in yana gina wa mutane gidaje, mu muna haya. 'Yan kwangila ba sa kiransa sai sun rasa kowa. A ce masa ya ƙara yashi ya rage siminti, sai ya ajiye cokali ya taho gida. Ya taɓa rushe katangar da ya yi kwana biyu yana ginawa, wai ta karkace da faɗin yatsa. Mai gidan ma bai gani ba."

"Ni na gani," in ji shi.

"Kai ka gani, mu muka ji a tukunya."

Ta ce ta je wurin wani malami, ya gaya mata lalura tana halatta abin da aka hana. Shi kuma ya ce ya tambayi limamin masallacinsu, limamin ya ce kada ya kuskura, ba a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba.

"Ke malamai uku kika zaga kafin ki sami mai faɗa miki abin da kike so."

"Kai kuma ka tsaya a na farko don ya faɗa maka abin da kake so."

Auta tana zaune a bakin ƙofa tana tsince wake a faranti. Ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Baba, wa ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa asibiti lokacin da na karye?"

"Ni."

"Wa yake zuwa makaranta in an kira iyaye?"

"Ni."

"Wa zai ba da aurena?"

"Ni, in Allah ya kai mu."

"To wane ne ubana?"

"Dogo."

Ta ajiye farantin a hankali ta shige ɗaki. Ya bi labulen da kallo, sannan ya juyo wurina, murya ƙasa.

"Malam Akawu, ba ƙinta nake ba. Duk cikin yaran nan ita ce ta fi shiga raina, yayyenta ma sun sani. Amma mutumin nan bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko hoto bai bari ba. Ita kaɗai ya bari. In na goge sunansa daga kanta, kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Kuma zan haɗu da shi. Me zan ce masa?"

Na ce masa matattu ba sa shiga makarantar jinya, masu rai ke shiga. Magana ce mai kaushi, na kuma faɗe ta ne don ta yi kaushi. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi labarin farashin bulo.

Abin da ya fi ci mini rai a hanyar komawa gida shi ne na san wane ne ke kan doka tsakaninmu. A ƙasan fom ɗin da nake ba mutane kullum an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa rantsuwa kan ƙarya laifi ne mai hukuncin ɗauri. Ni ma'aikacin dokar ne na ce ya fita ya sha iska. Shi da bai taɓa karanta layin ba, shi ke kiyaye shi, ba don doka ba. Kuma dokar da yake kiyayewa ba ta tanadar wa gaskiyarsa gurbi ba.

Ranar Litinin na sauko da tsohon kundin ƙa'idojin ofis daga saman kabad na fara nema. Hanyar da na samu ta kasu uku. Da farko a yi wa Dogo da Amarya rajistar mutuwa. Fom ɗin mutuwa har lokacin da hannu ake cikewa, kuma yana da layin da ya ce "ko sunan da aka san mamaci da shi". Ana buƙatar shaidu biyu da suka ga jana'iza, waɗanda ba 'yan gidan mai nema ba. Da takardun mutuwar sai a je kotu ta tabbatar da shi a matsayin mariƙi. Da umarnin kotu kuma Rajistara, shugaban ofishinmu, zai iya buɗe wa Hajiya kwamfuta ta karɓi suna ɗaya. Da Baba Birkila ya zo, na lissafa masa mako biyar in komai ya tafi daidai. Na gaya masa a ofis ban taɓa ganin komai ya tafi daidai ba.

"Allah na nan," in ji shi.

"Yana nan. Alƙali ne ban sani ba ko yana nan."

Shaidar farko ba ta yi wuya ba, matar tsohon mai gidan hayar ce, ta zo da sandarta ranar ashirin da ɗaya ga Maris. Na biyun ne ya cinye mana kwanaki. Mutanen da suka yi jana'iza shekara sha takwas baya, wasu sun rasu, wasu sun tashi. Wani maƙwabci ya ce zai zo ya rantse don taimako, duk da a lokacin ba ya gari. Baba Birkila ya yi masa godiya ya ce a'a. Ya bar aiki kwana tara yana yawo a ƙafa, daga wannan wurin gini zuwa wancan, har ya gano tsohon shugaban leburorinsu a wata unguwa can bayan tashar mota, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya fita. Ƙa'ida ta yarda in je in rantsar da mara lafiya a gida, amma sai da sa hannun Rajistara, shi kuwa ya tafi kwas na mako ɗaya. Ya dawo ranar takwas ga Afrilu, na je ranar tara. Tsohon ya tuna Dogo sarai, har ya yi dariya da rabin baki ya ce shi kaɗai ne leburan da ke ɗaukar buhu biyu a tafiya ɗaya. Na cike fom biyu. A layin "'ya'yan da mamaci ya bari" na rubuta mace ɗaya, da sunanta, da ranar haihuwarta. Na sa hannu, Rajistara ya sa hannu, aka shigar a babban littafi.

Kotu ta ba mu ranar sha takwas ga Afrilu. Na ɗauki hutun rabin yini na raka su. Muka zauna a benci tun ƙarfe takwas, ƙarfe sha ɗaya magatakarda ya fito ya ce alƙali ya tafi taro, an ɗage zuwa ashirin da biyar. Ranar ashirin da biyar alƙali ya zauna, ya duba takardu, ya ce sai jami'in jin daɗin jama'a ya ziyarci gidan ya kawo rahoto cewa yarinyar na cikin kulawa mai kyau. Yarinyar da ke tsaye a gabansa, ta fi mariƙin nata tsawo. Ya sa ranar tara ga Mayu.

A matattakalar kotu na kasa riƙe kaina.

"Baba, ka ji ranar? Tara ga Mayu. Makaranta talatin ga Afrilu take rufewa."

"Na ji."

"Shi ke nan? Ka ji?"

"Me kake so in yi?"

"Abin da na ce ka yi tun ranar farko."

"Da na iya da na yi tun ranar farko, in hutar da ƙafata."

Auta ta juya mana baya. Ta yi gaba ta bar mu, ba ta jira ta shiga mota ɗaya da shi ba.

A ranar na rubuta wa makarantar wasiƙa a kan takardar ofis, na bayyana cewa maganar na gaban kotu, na roƙi a ƙara mata kwana goma. Na kai da kaina. Akawunsu ya karanta a tsaye, mutum ne kamar ni, har biro uku a aljihu. Ya ce ya tausaya, amma akwai mutum sittin a jerin masu jira, in ya ɗaga wa ɗaya sai ya ɗaga wa kowa. Ban yi masa gardama ba. Da ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan.

Ranar Litinin, ashirin da tara ga Afrilu, ƙarfe tara da minti biyar, Auta ta shigo da Ummanta, matar Baba Birkila. Shi ba ya tare da su. Matar ta zauna tun kafin in ce ta zauna, ta gyara mayafi.

"Ɗana, fom ɗin nan ya ce uba ko uwa, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Mama."

"To ga uwa ta zo. Ni na goya ta, ni na yaye ta, ni na yi mata kitson farko. Kawo littafin. Ni zan rantse ni na haife ta, mijina ne ubanta. Zunubin a wuyana, na ɗauka. Allah ya san abin da ya sa."

"Baba ya sani?"

"Yana wurin aiki."

Hajiya ta daina buga kwamfuta. Ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba, in aka kawo mata fom kafin sha biyu za ta iya fitar da takardar gobe da safe.

Na jawo fom. Na rubuta sunan yarinyar, na rubuta ranar haihuwa. Na iso layi na bakwai na tsaya. A babban littafin da ke kan kantar bayana akwai rajista biyu na ranar tara ga Afrilu, da rubutun hannuna, da sa hannuna, suna cewa yarinyar nan 'yar Dogo ce da Amarya. A kotu akwai fayil mai ɗauke da kwafinsu. A littafina na kaina akwai shafi huɗu a kan maganar. Ranar sha biyu ga Maris ina iya cewa fanka ta hana ni ji. Yanzu ni ne na rubuta, ni na rantsar da shaidu biyu a kai. In na karɓi rantsuwar matar nan, na karɓi abin da na san ƙarya ne, kuma duk ranar da wani ya haɗa takardun biyu, ita ce za ta tsaya a gaban alƙali, takardar Auta ta zama ta jabu, makaranta ta kore ta ko tana shekarar ƙarshe.

Na gaya musu haka, dalla-dalla.

"Wa zai haɗa?" in ji matar. "Wa ke buɗe littattafan nan in ba kai ba?"

"Wataƙila ba kowa."

"To?"

"Ba zan iya ba, Mama."

"Doka ce ta hana ka ko tsoron Allah?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa mata, har yau ban raba su ba.

Ta miƙe tana tattara mayafinta. "Na baro ɗaya a gida na zo na tarar da ƙaninsa a ofis. Allah ya haɗa ku, ya raba mu da irinku."

Auta ta tsaya bayan Ummanta ta fita. Ta ce, "Kawu, da ba ka taimake mu ba, da yau ka karɓa ko?"

Na ce mata da na karɓa.

Ta kwashe takardunta ta sa a jaka ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini sallama yadda ya kamata, ta tafi.

Jami'in jin daɗin jama'a ya je gidan ranar shida ga Mayu, ya yi minti goma, ya rubuta cewa yarinyar tana cikin ƙoshin lafiya. Ranar tara alƙali ya ba da umarni cikin minti huɗu. Ranar Litinin sha uku ga wata Rajistara ya buɗe kwamfuta, Hajiya ta shigar. Baba Birkila ya zo shi kaɗai. Ya yi alwala a famfon bayan ofis, ya ɗora hannu ya rantse cewa yarinyar 'yar Dogo ce da Amarya, an haife ta shida ga Nuwamba na 1994, shi mariƙinta ne. Ya sake yin rantsuwa ta biyu, cewa mai sunan da ke takardun makaranta da mai sunan da ke wannan takarda mutum ɗaya ce. Na miƙa masa takardar, ya sa na karanta masa ita tun daga sama har ƙasa.

"Na ji abin da ya faru ranar Litinin ɗin can," in ji shi. "Allah ya saka maka da ka hana ta."

"Kada ka gode mini, Baba. Ba don kai na yi ba, kuma ban ji daɗinsa ba."

"Ni ma ban ji daɗin nawa ba."

"Ta rasa gurbin."

"Na sani. Ta koma gidan yayanta. Gaisuwa kawai ke haɗa mu."

Na tambaye shi, da ya san haka za ta ƙare, da ya sake? Ya juya takardar a hannunsa, yana riƙe da ita ta gefe don kada yatsunsa su ɓata ta.

"Da na fara neman shaidun tun tana goye," in ji shi. "Nan ne na yi laifi. Shekara sha takwas ina ganin tunda ni na sani kuma Allah ya sani, ya isa."

Na rubuta wannan ma, ƙarfe sha ɗaya saura minti goma. A watan na rubuta wa hedikwata takarda ina ba da shawarar a ƙara wa fom ɗin haihuwa layin "sunan da aka san shi da shi", kamar na mutuwa. Na sake rubutawa a 2014 da 2016. Ba a amsa ba.

Auta ta kama aiki a wani shagon sayar da magani. A shekara ta gaba ta sake zana jarrabawar, maki uku suka hana ta shiga. Ba ta yi ta uku ba. Ta yi aure a 2016, shi ya ba da auren, tana da 'ya'ya biyu, har yanzu tana shagon. Ba ta sake kwana a gidan hayar ba, amma an ce takan je duk ranar Lahadi.

Baba Birkila ya ci gaba da gini har 2018, lokacin da gwiwoyinsa suka hana shi hawa. Daga nan yakan zauna a ƙofar gida, masu ƙaramin gyara su zo su ɗauke shi ya duba musu aiki. Ya rasu ranar huɗu ga Fabrairu na 2022, bayan jinyar mako biyu a asibiti. Babban ɗansa ne ya zo yin rajistar mutuwarsa. Matarsa tana nan da rai, tana zaune a wurin ɗan nasu na biyu.